Makashi a tsallaken titi: fashin baƙi kan fim ɗin Summer of 84

Akwai wani nau'in labari da masu shirya finafinai a Amurka da Kanada ba sa gajiya da komawa kansa, musamman waɗanda aljihunsu ba shi da nauyi. Mutum yana zaune a gidansa, ya leƙa ta taga, ya hango maƙwabcinsa yana wani abu da bai gane kansa ba, daga nan zuciya ta raya masa cewa mutumin nan yana da jini a hannu. Sauran fim ɗin duk a kan tambaya guda yake tafiya: gaskiya ya gani, ko idonsa ne ya yaudare shi? Alfred Hitchcock ne ya aza harsashin wannan salo a 1954 da Rear Window, labarin wani mai ɗaukar hoto da ya karye a ƙafa, zaman jinya ya mayar da shi ɗan leƙen asirin maƙwabta. Sai dai shi Hitchcock kamfanin Paramount ya tsaya masa, har aka gina masa unguwa sukutum a cikin situdiyo, mai ɗakunan haya 31. Waɗanda suka biyo bayansa da ƙaramin jari, titi ɗaya da gidaje biyu kawai suke iya samu, kuma a nan ake gane wanda ya iya.

Summer of 84 na cikin waɗannan. Ya fara fitowa a bikin finafinai na Sundance a watan Janairun 2018, aka sake shi a 'yan gidajen sinima a watan Agusta, daga nan ya koma intanet. Daraktoci uku ne 'yan birnin Montreal na Kanada suka yi shi, François Simard da Anouk Whissell da Yoann-Karl Whissell, waɗanda suka yi Turbo Kid a 2015. Matt Leslie da Stephen J. Smith suka rubuta labarin, aka ɗauke shi a yankin Vancouver na Kanada duk da cewa labarin a jihar Oregon ta Amurka yake faruwa. Zan faɗi yadda ya ƙare, domin ba a iya auna wannan fim ba tare da ƙarshensa ba, don haka wanda ke son ya kalla da sabon ido, ya fara kallo tukuna.

Sai an san irin unguwar kafin a gane abin da ke ba da tsoro a cikinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta shiga gina rukunonin gidaje a gefen manyan birane don sojojin da suka dawo da iyalansu. Levittown da ke kusa da New York shi ne sananne, gidaje sama da 17,000 da aka gina tsakanin 1947 da 1951, kusan duk kama ɗaya. Zuwa ƙidayar 1970, mazauna irin waɗannan unguwanni sun fi mazauna tsakiyar birane yawa. Abin da aka sayar wa mutane shi ne kwanciyar hankali: ka bar birni da ɓarayinsa da hayaniyarsa, ka zo inda ɗanka zai hau keke har magariba ba ka damu ba. Gidajen ba su da katanga a gaba, ciyawa ce shimfiɗe har bakin titi, taga na kallon taga. Kowa na ganin motar kowa da sharar kowa, amma kusan kowane gida yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa wanda baƙo bai taɓa taka shi ba. Wannan ɗaki shi ne jarin duk wani fim irin wannan.

Shekarar da aka zaɓa ma da dalili. A 1984 ne wani kamfanin madara a Des Moines ta jihar Iowa ya fara buga hotunan yaran da suka ɓace a jikin kwalin madara, kuma yara biyun da ya fara da su masu rarraba jarida ne da suka fita aiki da asuba ba su dawo ba. A shekarar ce kuma aka kafa cibiyar ƙasa ta neman yaran da suka ɓata. Shekara shida kafin nan, a Disambar 1978, aka kama John Wayne Gacy a wata unguwa a gefen Chicago, mutumin da ke tara maƙwabta liyafa, yana shigar ban dariya don nishaɗantar da yara, alhali ya kashe samari da yara maza 33, yawancinsu a binne a ƙarƙashin gidansa. Iyayen Amurka na wancan zamani da wannan fargaba suke karyawa kowace safiya, hoton ɗan wani yana kallonsu daga kan tebur.

Jarumin fim ɗin, Davey Armstrong, yaro ne ɗan shekara 15 mai rarraba jarida a kan keke, wanda bangon ɗakinsa ya cika da labaran ƙanzon kurege da yake yankowa daga jaridu. A yankinsu yara maza 13 sun ɓace cikin kimanin shekara goma. Wani dare ya hango wani yaro a cikin gidan maƙwabcinsu Wayne Mackey, ɗan sanda, gwauro, mutumin kowa a unguwa. Bayan 'yan kwanaki sai ga fuskar yaron nan a jikin kwalin madara. Davey ya ja abokansa uku, Woody da Eats da Farraday, suka shiga bibiyar Mackey: suna rubuta lokacin fitarsa da na dawowarsa, suna tona shararsa, suka ga yana sayen diga da shebur da buhunan ƙasa fiye da abin da lambu ɗaya ke buƙata, suka gano yana da wani sito da ya ajiye sinadarin soda, irin wanda ake haɗa sabulu da shi, wanda kuma ke iya narkar da nama.

Ƙarancin kuɗi ya yi wa wannan ɓangare alheri. Ba su da abin biyan tseren motoci ko fashewar gini, don haka dole tsoro ya fito daga kayan gida: kwaɗo a jikin wata ƙofa, riga mai tabon jini a ɗakin ajiye kayan lambu, fitilar ɗaki da ta kunnu a lokacin da bai kamata ba. Kyamara ta fi zama inda idon yaro yake, bayan labule ko bayan shinge, ta madubin hangen nesa, kuma mai kallo bai san komai fiye da abin da Davey ya sani ba. Akwai fitowar da yaran suka ɓoye rediyon oba-oba kusa da tagar Mackey don su riƙa sauraronsa. Davey yana ɗakinsa yana leƙe, sai ya fahimci cewa mutumin ya gano na'urar. Babu wanda ya bi wani da gudu, babu wanda ya yi ihu, amma daga wannan lokaci lissafi ya juya, mai leƙe ya zama abin leƙe. Kuɗin wannan fitowa bai wuce na taga biyu da abin wasan yara ba, kuma ta fi tasiri a kan yawancin abin da manyan kamfanoni ke kashe miliyoyi a kai.

Rashin kuɗin ɗaukar babban tauraro ma ya zama riba. Rich Sommer ne ya fito a matsayin Mackey, ɗan wasan da aka fi sani da matsayin wani ma'aikacin ofis a shirin Mad Men. Fuskarsa zagayayya ce, muryarsa a sanyaye, yana da 'yar ƙiba irin ta magidanci mai son zaman lafiya. Da an ɗauko jarumin da duniya ta saba gani yana mugunta, da tun fitowarsa ta farko an gama shari'a. Shi kuwa Sommer bai taɓa zare ido don ya tsorata kowa ba. Alherinsa ne ke ɗan wuce gona da iri: ya daɗe yana kallon yaro fiye da kima da daƙiƙa ɗaya, ya tuna masa cewa ya san shi tun yana jariri, ya miƙa wa yaran unguwa abin sanyi yana murmushi. Duk abin da ya yi yana karɓar fassara biyu, kuma riƙe wannan ma'auni har kusan ƙarshe aiki ne babba. Wata uku bayan fitowar fim ɗin a Sundance, a Afrilun 2018, aka kama Joseph DeAngelo a wata unguwa a gefen Sacramento, tsohon ɗan sanda, dattijo mai jikoki, wanda daga baya ya amsa laifin kashe mutum 13 a shekarun 1970 da 1980. Wanda ya ce halittar Mackey ta yi nisa da gaskiya, labarai sun ba shi amsa kafin fim ɗin ya shiga kasuwa.

Fitowar da ta fi tsaya mini ita ce ta waya. Davey ya kai wa iyayensa hujjojinsa, mahaifinsa ya fusata, ya tasa ƙeyar yaran zuwa ƙofar Mackey su ba shi haƙuri. Mackey ya karɓe su da fara'a, ya ce yaron da aka gani ɗan ɗan'uwansa ne mai suna Jamie, ya zo taya shi gyaran gida ya ji ciwo, shi ne jinin da ke jikin rigar. Daga baya ya zo har gidan su Davey, iyayen ba sa nan, ya ce bari ya kira Jamie don hankalin yaron ya kwanta. Ya buga, ba a ɗauka ba, ya yi sallama ya tafi. Davey ya bincika ya gano lambar gidan kansa Mackey ya buga. A dubi abin da aka haɗa a nan: babba mai kaki yana tsaye a bakin ƙofa, yaro shi kaɗai a gida, ladabi ya hana shi rufe ƙofa a fuskar maƙwabci, kuma ya riga ya ƙona damarsa a wurin iyayensa, ko ya faɗa musu ba mai yarda. Tsoron da ke cikin fitowar na yaron da ya san gaskiya ne amma shekarunsa sun hana a saurare shi.

Matsalar fim ɗin ta farko daga ginin labarin take. Mutum ɗaya ake zargi daga farko har ƙarshe. An ɗan yi ƙoƙarin jefa shakku, an nuna an kama wani daban kuma Mackey ne ma ya kama shi, an nuna buhunan ƙasar nan na aikin ƙawata gari ne, amma ba a taɓa ba mai kallo wani maƙwabci na biyu da zai ɗora wa ido ba. To idan mutum ɗaya ne, amsa biyu ce kacal, ko shi ne ko ba shi ba ne, kuma duk wanda ya saba kallo ya san ba za a tsare shi sama da minti 100 a ce masa ba komai. Wannan ya sa tsakiyar fim ɗin ta yi nauyi. Yara su bi Mackey, su samo alama, alamar ta rushe, su sake bin sa. A zagaye na uku mai kallo ya riga ya wuce labarin yana jiransa a gaba. Ga shi kuma ƙara wanda ake zargi ba ya cin kuɗi, gida ɗaya ne da ɗan wasa ɗaya, don haka ba za a ɗora wa talauci wannan laifi ba, na marubuta ne.

Sai aron kaya. Fim ɗin ya fito bayan Stranger Things na 2016 da It na 2017 sun cika kasuwa da yara a kan kekuna a shekarun 1980, kuma bai yi wani yunƙuri na bambanta kansa da su ba a sa'arsa ta farko. Abokan nan huɗu kamar daga kanti aka sayo su: mai jagora, mai ƙiba, mai tabarau da ya san littafi, da mai bakin tsiya sanye da baƙar riga. Hirarsu yawanci batsa ce ta 'yan samari, ana maimaita ta har ta gundura, kuma wannan kaɗai ya isa a ce ba fim ne na zama da iyali ba. Abin takaici, an nuna mana a gurguje cewa akwai abin faɗa a gidajensu. Woody na zaune da mahaifiyarsa da rayuwa ta gajiyar, shi ke lallaɓa ta. Gidan su Eats kullum cikin faɗa yake. Waɗannan su ne ainihin hujjar abin da fim ɗin ke son cewa, wato kowane gida a unguwar yana da abin da yake rufewa, amma an ba su 'yan daƙiƙoƙi an koma barkwanci. Kiɗan da Le Matos suka yi da na'ura yana da daɗi, yana kuma kama zamanin, sai dai wani lokaci shi ke ɗaukar nauyin da ya kamata rubutu ya ɗauka.

Nikki, budurwar maƙwabta da ta taɓa renon Davey yana ƙarami, ita ce mafi raunin halitta a fim ɗin. Ta girme shi, iyayenta na shirin rabuwa, za ta bar gari, kuma ba a ba mu wani dalili mai gamsarwa da zai sa ta riƙa zuwa ɗakin yaron da ke leƙenta ta taga ba. An rubuta ta ne yadda ɗan shekara 15 ke mafarki, kuma leƙen da ake mata an wuce shi kamar wasan yara.

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi damuna, kuma ba wannan fim kaɗai ya shafa ba, gadon gidan ne. Hausawa na cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya. A irin waɗannan finafinai zato kusan kullum gaskiya yake zama, kuma da zarar ya zama, sai a yafe duk abin da aka yi a hanya: leƙen taga, tonon shara, fasa gidan mutum. Davey ya fara zargin Mackey ne da hujja mai rauni, yaro ne da ke neman abin da zai cike masa hutu, kuma da ya faɗa kan wani gwauro marar laifi, da ya ɓata masa suna har abada. Shekarar da fim ɗin ya ɗauki sunanta tana da nata misali. A 1984 aka kama ma'aikatan makarantar renon yara ta McMartin a California bisa zarge-zargen cin zarafin yara da suka yaɗu kamar wutar daji, aka yi ta shari'a har 1990, ba a samu ko mutum ɗaya da laifi ba, bayan rayuwarsu ta riga ta wargaje. A 2012 kuma wani ɗan sintirin unguwa a Sanford ta jihar Florida ya harbe Trayvon Martin, ɗan shekara 17, wanda ya fara bi don kawai ya ga bai yi masa kama da ɗan unguwa ba. Fim ɗin da ya zauna a tsakiyar wancan zamani na fargaba yana da damar ya nuna wannan fuska ta biyu, ko da ta hanyar maƙwabci ɗaya da yaran suka zalunta bisa kuskure. Bai yi ba, kuma ina ganin wannan rashi ya fi duk sauran girma.

Abin da ya ceci fim ɗin shi ne mintunansa na ƙarshe. Davey da Woody da Nikki sun shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kyamarar bidiyon mahaifin Davey, wanda ke aikin ɗaukar hoto a gidan talabijin. Bayan ƙofar nan mai kwaɗo suka tarar da ɗaki da aka ƙawata kamar na yaro a shekarun baya, da ruɓaɓɓiyar gawa a bahon wanka, da wani yaro a ɗaure da ransa. Hotunan da ke jikin bangon Mackey, waɗanda kowa ya ɗauka na dangi ne, ashe na yaran da ya kashe ne, ga kuma hoton gidan su Davey a cikinsu. 'Yan sanda sun yarda, iyaye sun ba da haƙuri, Davey ya zama gwarzo. A nan yawancin finafinai ke tsayawa. Wannan kuwa sai ya ci gaba. Mackey bai gudu ko'ina ba, yana ɓoye a saman silin gidan su Davey. Cikin dare ya sauko, ya gusar da hankalin Davey da Woody, ya kai su wani tsibiri inda yake zubar da gawarwaki, ya ce su gudu zai farauce su, irin wasan ɓuyan da suke yi a unguwa. Ya sare Davey a ƙafa. Ya yanka Woody. Sannan ya bar Davey da rai, ya gaya masa cewa zai dawo wata rana, ya zauna yana jira.

Akwai ramuka a nan, ba a musu. Da wuya a yarda cewa ana neman mutum ruwa a jallo, ya shige gidan babban mai shaida ba wanda ya duba, ya kuma fitar da samari biyu a sume ba wanda ya ji motsi. Juyin ma ya zo da ƙarfi ƙwarai, har wasu masu kallo suka ji kamar an canza musu fim a hannu. Ni dai ina ganin da gangan ne, kuma ya yi daidai. Sa'a guda da rabi yaran nan suna ɗaukar farautar makashi a matsayin wasan hutu, mai kallo ma ya biye musu, saboda kekuna da kiɗa da barkwanci sun yi masa alkawarin cewa a irin wannan duniya yara ba sa mutuwa. Da aka karya alkawarin, duk abin da ya gabata sai ya sake kama. Woody shi ne wanda ya fi kowa tsoro, shi ne kuma wanda bai watsar da abokinsa ba lokacin da sauran biyun suka janye, kuma shi ne ya biya. Davey ya yi gaskiya, ya ceci yaro ɗaya, ya jawo mutuwar amininsa. Fim ɗin bai tambayi ko zato na iya faɗawa kan marar laifi ba, amma ya nuna cewa ko ya faɗa kan mai laifi, wanda ya yi shi ba ya fita lafiya, kuma finafinai irinsa kaɗan ne suka yarda su kai nan.

A gwada shi da Disturbia na 2007, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 20, da Shia LaBeouf a matsayin saurayin da kotu ta tsare a gida ya shiga leƙen maƙwabci. Can ma zargin ya tabbata, amma saurayin ya kashe mugun da hannunsa, ya ceci mahaifiyarsa, aka cire masa na'urar tsaro daga ƙafa, ya samu budurwar. Kamfanin da ya zuba irin wannan kuɗi yana buƙatar 'yan kallo su fita suna murmushi su turo abokansu. Masu Summer of 84 ba su da wannan bashi a wuyansu, shi ya sa suka iya rufe fim ɗinsu da Davey ya koma rarraba jarida, gidan su Woody banki ya karɓe, Nikki na barin gari, Eats da Farraday sun rushe ɗakin katakon da suke taruwa a kan bishiya, kuma jaridar da ke hannunsa na cewa har yanzu ba a kama makashin ba.